Kwana Uku a Ranthambore Muna Jiran Damisa

Harkar yadi ce ta kai ni Jaipur, babban birnin jihar Rajasthan ta Indiya, a watan Fabrairun 2024, kuma da ni kaɗai na je, da babu abin da zai fitar da ni daga cikin kasuwa sai jirgin komawa gida. Amma tare da maiɗakina muka tafi, wadda na shekara ashirin ina yi wa alkawarin hutun da babu ganin likita a cikinsa, babu sarin kaya. Tun watanni uku kafin tafiyar abokin cinikina na can ya ba ni shawara cewa in ina son fita kunyar Hajiya, to in kai ta dajin Ranthambore ta ga damisa, ya kuma gargaɗe ni cewa in ban kama gurbi tun lokacin ba, ba zan samu ba. Na biya kuɗin kwana uku a ɗaya daga cikin masaukan alfarma da ke bakin dajin, haɗe da shiga daji sau biyar. Ba zan faɗi jimillar ba, domin 'yan'uwana suna karanta abin da nake rubutawa. Ya isa in ce a irin waɗannan masaukai kwana ɗaya kan haura dala 1,000.

Akwai buƙatar in gyara suna tun da wuri. Damisar da Bahaushe ya sani, mai roɗi-roɗi, wadda ake yi wa kirari da ƙi-sabo, ita ma akwai ta a Indiya, amma ba ita ake zubar da kuɗi a gani ba. Wadda ake zuwa dominta ita ce wadda Turawa ke kira taiga, Indiyawa kuma suke ce wa bag: jikinta ja-ja ne mai ratsin baƙi, ƙasan cikinta fari, kuma namijinta yakan wuce kilo 200, wato ya ninka tamu kusan sau uku. Ba ta zama a dazuzzukan Afirka, shi ya sa ba mu raɗa mata suna ba, sai muka ara mata na 'yar'uwarta. Da sunan aron zan ci gaba da kiran ta.

Daga Jaipur zuwa garin Sawai Madhopur, wanda dajin ke gefensa, tafiyar awa uku da 'yan kai ce a mota, ta cikin gonakin da suka yi rawaya da fure da amalanken da raƙuma ke ja. Dab da garin sai lambunan gwaiba suka fara, ga mata a bakin titi sun jera ta a kwanduna, kowace ɗaya ta kai dunƙulen hannun ƙato. Masaukin namu kuwa da sunan tanti aka sayar mana da shi, amma tantin da ke da ƙasan katako, da gado mai rumfa, da kwamin wanka, da na'urar ɗumama ɗaki, ai sai dai a ce ɗaki ne da aka yi wa rufin zane. An ba mu hadimi namu na kanmu, saurayi mai ladabi wanda ya fara tambayar ƙarfe nawa muke so a kawo mana shayi, da na ce sai bayan sallar Asuba, sai ya koma ya dawo da takarda an rubuta lokacin ketowar alfijir, ya kuma nuna mana alƙibla ba tare da na nema ba. Game da nama ma bai ɓoye mana komai ba, ya faɗa mana wanda aka yanka bisa ƙa'idar Musulunci da wanda ba shi da tabbas a kansa. Mafi yawan kwanakin, miyar wake mai yaji da wani dunƙulallen burodin alkama da ake gasawa a garwashi a tsoma a man shanu muka ci, kuma ban yi kewar nama ba.

Washegari tun kafin gari ya waye muka hau motar shiga daji, ƙaramar jif marar rufi mai ɗaukar mutum shida wadda suke kira Gypsy. Sanyin da na ji a safiyar nan ya sa na daina yi wa Jos kallon garin sanyi. An lulluɓe mu da barguna, aka ɗora wa kowa jakar ruwan zafi a cinya, aka ba mu madubin hangen nesa da kwandon karin kumallo. A nan alfarmar ta tsaya. Da muka isa ƙofar dajin sai na tarar da layin motoci, ƙanana irin tamu da manya masu kujera ashirin da ake kira Canter, cike da ɗalibai da iyalai waɗanda abin da suka biya bai kai kuɗin shayinmu na kwana ukun ba. Ma'aikacin gandun daji ya karɓi fasfo ɗinmu ya gwada da takardar izini, kamar yadda ya yi wa kowa. Dajin na gwamnati ne, ba na masauki ba. An raba wurin yawon zuwa shiyya goma, kowace mota da shiyyar da aka rubuta mata, ba ta da ikon tsallakawa wata, ba a sauka daga mota, ba a kauce wa hanya, kuma bayan kimanin awa uku da rabi dole a fito, ko an ga damisa ko ba a gani ba.

Ba mu gan ta ba. Mun ga barewar da suke kira cital, mai ɗigon fari a gadon baya, garke-garke. Mun ga sambar, wata babbar barewa mai duhun gashi da ta kai jaki girma ko ma ta fi shi, tsaye cikin tabki tana cin ciyawar ruwa. Mun ga kadoji suna shan hantsi, da aladun daji, da ɗawisu da yawan da har mutum ya daina ɗaga kai ya dube su. Wani tsuntsu mai dogon bindi ya sauka a kan hannun Hajiya yana neman abinci, ta saki ƙara, ɗan jagora ya yi mata alama da ta yi shiru. Da yamma muka sake shiga, muka sake fitowa da ƙura a gashin ido. Washegari da safe kuma sai aka tura mu wata shiyya mai nisa, wadda sai da muka ci tafiya mai tsawo a kan kwalta kafin mu kai ƙofarta, alhali dillalin da ya shirya mana tafiyar ya rantse mini cewa ya kama mana shiyyar tabkuna a dukkan shigarmu. Na kira shi raina a ɓace, ya yi ta kame-kame. Daga baya na fahimci ya sayar mini da abin da ba nasa ba ne.

Da yammacin ranar, maimakon in zauna ina ƙunci, muka hau ganuwar Ranthambore, wadda dajin ya samo suna daga gare ta. Tana bisa wani tsauni a tsakiyar dajin, ta haura shekara dubu, kuma tun 2013 tana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tare da wasu ganuwoyin tsaunukan Rajasthan. Sarkin Delhi Alauddin Khalji ya ci ta da yaƙi a 1301, Akbar, sarkin daular Mughal, shi ma ya karɓe ta a 1569, daga baya ta koma hannun sarakunan Jaipur, waɗanda suka mayar da dajin da ke kewaye da ita wurin farautarsu. A ciki akwai tsohon masallaci, akwai kuma wurin bautar Ganesh, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, inda mutane daga ko'ina a Indiya suke aiko da katin gayyatar aure ta gidan waya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu ziyarar ibada da na gani suna takawa a ƙasa, da tsofaffi da yara, a kan hanyar da mu aka hana mu sauko da ƙafa daga mota a kusa da ita. Daga saman ganuwar ana hango tabkin Padam Talao da jan ginin Jogi Mahal a bakinsa, da wata ƙatuwar bishiya dangin cediya wadda rassanta suka sauke jijiyoyi suka kafu a ƙasa har ta zama kurmi ita kaɗai.

Da daddare akan hura wuta a tsakiyar masaukin, baƙi su kewaye ta, masanin dabbobin da masaukin ya ɗauka aiki ya zauna yana amsa tambayoyi. A nan na ji labarin da ya sa na daina ganin kwana biyun nan a matsayin asara. A watan Janairun 1961 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu da mijinta Yarima Philip sun zo wannan daji a matsayin baƙin Maharaja, wato sarkin Jaipur, kuma Yariman ya harbe damisa, aka ɗauki hoto da gawarta a gabansu. A wancan zamani wannan shi ne hutun alfarma: tanti, da hadimai, da bindiga. Farautar sarakuna da Turawa, da saran daji domin noma, su suka cinye dabbar, har ƙidayar 1972 ta nuna saura 1,827 a duk faɗin Indiya. A shekarar aka kafa dokar kare namun daji, sannan a ranar 1 ga Afrilun 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin ceton damisa da dazuzzuka tara, Ranthambore na cikinsu. Bai ɓoye mana cewa an sake yin tuntuɓe ba. Wajen 2005 aka wayi gari dajin Sariska, a cikin wannan jiha ta Rajasthan, babu damisa ko ɗaya, mafarautan sata sun ƙarar da su saboda fata da ƙashi da ake fataucinsu zuwa ƙetare, alhali a takarda ana ta lissafa su. Abin kunyar ya sa aka sauya hanyar ƙidaya, aka koma ga kyamarorin da ake ɗaurewa a bishiya, tun da ratsin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta kamar zanen yatsa. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, ta 2022 kuma 3,682, kusan kashi uku cikin huɗu na damisoshin dajin duniya. Daga Ranthambore aka ɗebi waɗanda aka sake zuba wa Sariska a 2008.

Ya kuma ba mu labarin Machali, damisar da ta yi mulkin tabkunan nan shekara da shekaru, wadda sunanta ke nufin kifi saboda wani zane a fuskarta. An ɗauki hotonta tana kokawa da ƙaton kada har ta kashe shi, gwamnati ta buga hotonta a jikin kan sarki na aika wasiƙa, kuma da ta mutu a watan Agustan 2016 tana da kimanin shekara 19, ma'aikatan daji sun yi mata jana'iza irin tasu. Da yawa daga cikin damisoshin da ke yankin tabkunan yau jikokinta ne. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai wata hanya da mutum zai ƙara kuɗi a tabbatar masa da gani. Ya yi murmushi ya ce wanda ke son tabbas ya zo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ganye ya kaɗe, ƙishirwa ta tilasta wa dabba zuwa bakin ruwa, amma ko a lokacin damar ce ke ƙaruwa kawai. A tanti Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai da kake cewa komai na duniya yana da farashi, ga wadda ba ta san ka biya ba."

Shigarmu ta huɗu, da safiyar kwana na uku, aka ba mu shiyya ta 3, ta tabkunan. Ba mu yi nisa ba direba ya taka birki, ɗan jagora ya leƙa ƙasa ya nuna mana sawu a kan ƙurar hanya, faɗinsa ya kai tafin hannuna a buɗe, babu alamar farce domin tana maƙale shi ne idan tana tafiya. Ya ce mace ce, domin sawun namiji ya fi faɗi da zagaye, kuma ba ta daɗe da wucewa ba, tun da sawun yana kan shatin tayar motar da ta riga mu, raɓa ma ba ta sauka a cikinsa ba. Aka kashe mota. A nan na gane cewa ba da ido ake neman damisa ba, da kunne ne. Muka yi kusan minti ashirin ba mai magana, ba ka jin komai sai busasshen ganye na faɗuwa. Can sai wani biri mai baƙar fuska da ke saman bishiya ya yi wani irin tari mai kaushi, ya maimaita, yana kallon wuri ɗaya a ƙasa. Cital ta amsa da siririyar murya. Ɗan jagora ya ɗaga yatsa, ya raɗa mana cewa cital matsoraciya ce, ko dila ta gani sai ta yi kururuwa, mu jira sambar. Ba a jima ba sai muka ji shi, sauti guda mai ƙarfi kamar an busa ƙaho an katse, daga cikin kwari ta hannun dama. Direba bai jira umarni ba.

Mun tsaya a wata kwana inda doguwar ciyawa ta yi ruwan zinariya, na ƙura ido inda ake nuna mini har idona ya kawo ruwa, ban ga komai ba sai ciyawa. Sai ciyawar ta motsa, ta zama kafaɗa, ta zama kai. Launin da a hoto kake ganin ba zai ɓuya ko'ina ba, a cikin ciyawa da inuwar rassa shi ne ke ɓatar da ita. Ta fito kan hanya ba gaggawa, ƙasusuwan kafaɗarta suna hawa suna sauka, ta tsaya a gindin wata bishiya ta shinshina, ta juya ta ɗaga bindi ta fesa mata fitsari, wanda shi ne yadda take shata iyakar ƙasarta. Daga nan ta nufo mu. Ta wuce ta gefen motar da tazarar da ba ta fi taku biyar ba, a motar da ba ta da rufi ba ta da gilashi, har na ga farin ɗigon da ke bayan kowane kunnenta, na ga wani tsohon tabo a hancinta, na ji wani wari mai nauyi. Tafiyarta ba ta da sauti ko kaɗan. Sau ɗaya ta ɗago ta dube mu da idanu masu ruwan zuma, irin kallon da mutum ke yi wa kututture, ta ci gaba. Hajiya ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya bar shaida, bakinta na motsi da addu'a, ni kuwa kyamarar da na saya musamman domin wannan lokaci tana kan cinyata ban tuna da ita ba.

Abin da ya biyo baya bai yi mini daɗi ba. Cikin 'yan mintoci motoci suka yi dafifi, kowane direba na neman ya sa hancin motarsa gaba domin baƙonsa ya ji daɗi ya ba da tukuici, manyan motoci na gurnani, mutane na ihu a matsa musu. Damisar ta ratsa ta tsakaninsu kamar ba ta gan su ba, ta gangara bakin tabkin Rajbagh ta shige rusasshen wani gini. An ce saba wa mota da damisoshin Ranthambore suka yi shi ne ya sa ake ganin su da rana tsaka, shi ne kuma arzikin garin. A 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta taɓa dakatar da yawon buɗe ido a tsakiyar irin waɗannan dazuzzuka na 'yan watanni, kafin a sake buɗewa bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na yankin. Bayan abin da na gani da idona, ban ga laifin alƙalan ba, ko da yake ni ma ina cikin dafifin, kuma na ba da tukuicin.

A hanyar komawa na tambayi direbanmu ko shi ma yana murna idan ya gan ta. Ya ce yana murna, domin da ita yake ciyar da 'ya'yansa, amma mahaifinsa ba ya son a ambace ta. An haifi tsohon ne a wani ƙauye da ke cikin dajin, ɗaya daga cikin waɗanda aka tasa bayan 1973 domin a bar wa damisa wuri. Filin da muka tsaya muna kallon barewa, in ji shi, gonaki ne a da. Aka ba su wata ƙasa a waje, aka hana su kiwo da yin itace a inda kakanninsu suka yi. Damisoshin kuma sun ƙaru har dajin ya yi musu kaɗan, matasa daga cikinsu kan tsallake katanga su shiga gonaki, kuma a bara ɗaya ta kashe wa ƙanensa ɓaunar gida mai ba da madara. Ana biyan diyya, amma sai an kai hoto da takardu an yi ta zirga-zirga, kuma abin da ake bayarwa ba ya sayen wata. Ya tuna mini da cewa a 2015 sai da aka kama wani ƙaton namiji da ake kira Ustad aka kai shi gidan namun daji a Udaipur bayan ya kashe wani mai gadin daji. Yana faɗar haka muna wuce wasu mata da ɗaurin itace a ka suna bin gefen katangar, ga kuma ƙofar masaukinmu, inda hadimi ke tsaye da tawul mai ɗumi a faranti domin mu goge ƙura.

Shiga ta biyar ban je ba. Na bar wa Hajiya ta tafi tare da wasu baƙi, ni kuma na roƙi direban da ba ya aiki da yammar ya kai ni ƙauyen nasu. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini gadon igiya a tsakar gida, aka kawo shayi mai madara a ɗan kofin yumɓu, muka zauna ba mai jin harshen wani, ɗan yana fassara. Ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai damisa irin tasu, na ce babu, sai zaki da giwa a Yankari, su ma sun yi ƙaranci. Ya tambaya ko muna da shanu, na ce da yawa. Ya gyaɗa kai, ya ce a zuba mini gwaiba a jaka in kai wa maiɗakina.

Da na koma masauki na tarar Hajiya ta dawo, ba su ga komai ba sai sawu.